Zaman Baƙunci a Ƙasar Tonawa: Jawabin 'Yan'uwa Mazauna Kumasi

Mun kawo muku gaisuwar 'yan'uwanku masu jin Hausa waɗanda ke zaune a Kumasi, cikin ƙasar Gana, da waɗanda ke aiki a gonakin koko na kewayenta. Suna murna tare da ku saboda wannan jubili, ko da ya ke nisa ya hana yawancinsu zuwa.

Dattawa sun umurce mu mu yi magana a kan zaman baƙunci, gama kowace shekara, in an gama girbi, samarinmu su kan ɗauki jaka su nufi kurmi, daga Maraɗi da Tsibiri da Madawa da Dogonduci da Damagaram. Waɗansu su kan komo da faɗuwar damina, waɗansu kuwa su zauna can har su yi iyali. Cikinsu akwai wanda zamansa ya yi albarka, akwai kuma wanda kaɗaici ya cinye shi har labarinsa ya ɓace wa ikilisiya. Domin wannan za mu shimfiɗa muku abin da muka gani, da abin da na gabanmu suka faɗa mana, ko mai shirin tafiya ya sami guzuri.

HANYAR GWANJA

Wannan hanya tsohuwa ce. Tun kamin zuwan Turawa fatake su kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da ayarin jakuna, madugu yana gaba, suna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Yandi, har su sauka Salaga cikin ƙasar Gwanja. Can su ke sayen goron da ke fitowa daga kurmin Tonawa, watau mutanen Asante. Tafiyar watanni ce. Inda ayari ya sauka shi ne zango, kalmar kuwa ta zauna a bakin mutanen ƙasar, har yau unguwar baƙi a garuruwan Gana sunanta zongo.

A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, hannun Tonawa ya saki Salaga, cinikin goro ya fara kaucewa zuwa waɗansu kasuwanni kamar Kintampo. A 1892 yaƙin sarauta ya watsa Salaga, mazauna zangonta suka bazu, waɗansu Kete Karaci, waɗansu Yeji, daga baya har Kumasi da Ankara. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, noman koko ya yaɗu, sai mutanen arewa suka riƙa kwarara neman aiki, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da sauransu.

Saboda haka wanda ya sauka Kumasi yau zai ji Hausa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, zai tarad da Sarkin Zango, zai sha kokonsa da ƙosai da safe. Shinkafa da wake ta shiga bakin Tonawa har suna kiranta waakye, tuwon zafi kuma kowa ya san shi da sunansa na Hausa. Kakanninmu sun bar sawu mai kyau a ƙasan nan.

KWANA GOMA SHA HUƊU

Amma akwai wata rana da dattawanmu na can ba su manta ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da doka, ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemi takarda ko ya fita cikin kwana 14. Mutum fiye da dubu ɗari suka bar ƙasar, cikinsu har da waɗanda aka haifa can, ba su taɓa ganin garin ubansu ba. Aka sayad da kaya a wulakance, aka bar ɗakuna da rumfunan kasuwa, aka yi kwanaki a bakin iyaka. A Janairun 1983 kuma Nijeriya ta yi irin wannan a zamanin Shehu Shagari, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida. Kowace ƙasa ta ɗanɗana abin da ta ba wata.

Dattawan da suka ga 1969 sun faɗa mana abu biyu. Na fari, takarda ba abin wasa ba ce. Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO suka yi a 1979 ta ba ɗan ƙasashen nan damar shiga ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Lalle ne mai tafiya ya bincika abin da a ke bukata kamin ya tashi, in ya isa kuma ya yanki katin shaida na baƙi. Na biyu, a ranar nan an ga bambanci tsakanin baƙon da ke da maƙwabci da wanda ba shi da kowa. Wanda ya yi zaman kirki da 'yan ƙasa ya sami mai riƙe masa kaya amana, da mai raka shi ofis, da mai shaidar halinsa. Wanda ya shekara ashirin bai taɓa shiga gidan Batone ba ya ɗaura kayansa shi kaɗai. Zumunta a ƙafa ta ke, ba a kuwa fara ta ranar da wuta ta kama.

ƘOFA BIYU

Mai bi Bahaushe in ya sauka Kumasi ya kan tarad da ƙofa biyu a buɗe, kowace kuwa da nata nauyi.

Ta fari ita ce ta zango. Can harshenmu ya ke, da abincinmu, da irin gaisuwarmu. Can mai gida zai sauke ka, ya ba ka wurin kwana, ya haɗa ka da mai aiki, kamar yadda a ke yi wa fatake tun dā. Hausar wurin ta ɗan bambanta da tamu, gama ita ce ke haɗa kabilu masu yawa, za ka ji an ce yarinya ya zo. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa mutum magana a garinsu. Amma yawancin mutanen zango Musulmi ne, a ganinsu kuwa Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne. In an kira salla ba ka tashi ba za a tambaye ka. Shawararmu ita ce ka faɗi gaskiya tun ran fari, da ladabi, ba da gardama ba. Wanda ya ɓoye bangaskiyarsa domin ya sami ɗaki ya sa wa kansa igiya, ranar da abin ya fito kuwa za a kira shi mayaudari, ga kunya, ga rashin ɗakin. Gana ƙasa ce da Musulmi da Kirista ke zama gida ɗaya, wani lokaci ma ciki ɗaya. A 2019 Babban Limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a wata majami'ar Katolika a Ankara, yana cika shekara 100 da haihuwa. Mutanen zango sun san wannan, mai gaskiya kuma ba ya rasa masauki a cikinsu.

Ƙofa ta biyu ita ce ta majami'a. A ƙidayar 2021 an sami Kirista sun kai wajen 71 cikin 100 na mutanen Gana, mu kuwa a Nijar ba mu kai 1 cikin 100 ba. Wanda ya saba da sujadar mutum talatin a ƙarƙashin rumfa zai ga majami'a a kowane lungu. Bishara ta daɗe a wurinsu. 'Yan mishan na Basel sun sauka bakin teku a 1828. Thomas Birch Freeman ya ziyarci Kumasi a 1839. Littafi Mai Tsarki ya fito cikin harshensu a 1871, namu na Hausa kuwa bai kammala ba sai 1932, mishan ma bai zauna Damagaram ba sai 1924. Watau akwai Batonen da kakan kakansa mai bi ne, ba ya kuwa iya gane abin da ya sami mutumin da danginsa suka juya masa baya ranar baftismarsa. Sujadarsu da Tonanci a ke yinta, da ganguna, a kan fita da rawa a kai baiko, a kan kuma daɗe. Sabon zuwa ya kan zauna a bencin baya kamar kurma, ya yi Lahadi biyu ko uku, sa'an nan ya daina zuwa.

Ga hatsarin ke nan. A zango ana jin bakinsa amma ba a tarayya da shi cikin bangaskiya, a majami'a ana tarayya da shi amma ba ya jin abin da a ke faɗi. In bai yi ƙoƙari ya shiga ƙofofin nan duka biyu ba, sai ya tsaya a tsakar titi.

GAISUWA

Baƙo ko da ido makaho ne, abin da zai fara koya kuwa gaisuwa ce. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, a tambayi kwana da gajiya da gida da aiki da sanyi. Ta Tonawa gajeriya ce, amma tana da ƙa'ida mai ƙarfi. Da safe a kan ce maakye, da rana maaha, da yamma maadwo. Mai amsawa ya kan duba wanda ya gaishe shi, in dattijo ne ya ce yaa agya, in dattijuwa ce ya ce yaa ena, in tsaransa ne ya ce yaa nua. A bakin ƙofa, inda mu ke yin sallama, su a kan ce agoo, na ciki ya amsa amee. Godiya medaase ce. Kalmomin nan ba su kai goma ba, yaro ma zai riƙe su a yini ɗaya, amma fuskar tsohuwa ta kan canja in ta ji su a bakin baƙo.

In ka tarad da mutane zaune a jere, ba babba za ka fara nema ba kamar yadda mu ke yi. Za ka fara ba da hannu ga wanda ke wajen damanka, ka bi su ɗaya ɗaya zuwa hagu, ko da yaro ne na fari. Mata ma su kan miƙo hannu, ƙin karɓa kuwa raini ne a wurinsu. Sa'an nan a ba ka kujera, a kawo ruwa, masu gida su taso su kewayo su yi maka akwaaba, watau maraba. Bayan wannan za a tambaye ka amannee, watau abin da ke tafe da kai, ko da kowa ya san shi, ko da su ne suka aika a kira ka. Kada ka ce ai kun sani. Ka faɗa daga fari, gama ta haka a ke girmama mai gida. A gaban sarki kuma ba a magana kai tsaye, sai ta bakin okyeame, mai riƙe da sandan sarauta.

Hannun hagu abin ƙi ne a wurinsu kamar a wurinmu, ba a ba da abu da shi, ba a nuni da shi. Akwai kuma wata al'ada mai kyau da ya kamata mu ɗauka. In an yi maka alheri yau, godiyar da ka yi nan take ba ta isa ba, sai ka yi sammako gobe ka je ka sāke godiya. Wanda bai koma ba a kan ɗauka bai ji daɗin abin ba.

CI DA SHA

Mu mutanen gero ne da dawa, damina ɗaya gare mu, daga Yuni zuwa Satumba. Kumasi damina biyu gare ta, ƙasar rogo ce da agade da gwaza da doya da manja. Babban abincinsu fufu ne, a kan kirɓa rogo da agade a turmi har su yi danƙo, a zuba cikin miya mai ruwa, a yanka da yatsu a haɗiye ba tauna. Cikin miyar a kan sami busasshen kifi, da ƙaguwa, da dodon koɗi, da naman daji. Cikin baƙo ya kan yi mako biyu yana neman fura, ƙasar kuma akwai sauro ƙwarai, sai a nemi gidan sauro tun daren fari.

Kamar yadda mu ke yi wa mai wucewa bismilla, haka su ma ba mai cin abinci a gabanka bai kira ka ba. Ba tilas ka ci ba, godiya ta isa. Amma in an dafa dominka, ka wanke hannu ka ci abin da ka iya. Waɗansunmu tun suna yara ba su taɓa cin naman alade ko dodon koɗi ba, ransu kuma ba ya karɓa har yau. Wannan ba laifi ba ne. Ka ce cikinka bai saba ba, ka yaba miyar, ka ci sauran. Abin da ke ɓata zumunta shi ne yamutsa fuska, ko a ji ka kana kiran abincin mutane ƙazanta. Matar da ta yini tana kirɓi ba za ta manta da wannan kalma ba.

MATA DA GĀDO

Wanda ya shiga kasuwar Kejetia zai ga yawancin ciniki a hannun mata ya ke. Masu doya da sarauniyarsu, masu tumatir da tasu, su ne ke sasanta rigima su tsai da ƙa'ida. Mace ta kan yi magana da ƙarfi a gaban maza, ta kira mijinta da sunansa, ba a kuwa ganin rashin kunya cikin wannan. Saurayin da ya raina mace a Kumasi ya raina mai ba shi aiki, gama sau da yawa ita ce mai rumfar, ita ce kuma mai gidan da ya ke haya.

Tushen abin yana cikin dangantakarsu. A wurin Tonawa ɗa na dangin uwarsa ne, dangin nan kuwa su ke kira abusua. Sarauta ta wajen uwa ta ke bi, uwar sarauta ce ke nuna wanda za a naɗa. Bisa ga al'adar dā, in mutum ya mutu, ɗan'uwansa na ciki ɗaya ko ɗan 'yar'uwarsa shi ke gādonsa. A 1985 gwamnati ta yi dokar da ta ba matar mamaci da 'ya'yansa rabo in ya mutu bai bar wasiyya ba, amma har yanzu kawu yana da babbar murya a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa. Saurayinmu da ya ga yarinya mai bi a can yana so, muna murna, irin wannan aure ya haɗa gidaje da yawa. Sai dai ya san wannan tun da wuri, ya tafi da dattawan ikilisiya a ƙwanƙwasa ƙofa bisa ga al'adarsu, a kuma yi magana a fili a kan inda 'ya'ya za su tashi da harshen da za su ji. Maganar da aka kauce mata kamin aure ita ce ke dawowa ranar makoki.

MAKOKI DA SUNA

Ba abin da ke ba sabon zuwa mamaki kamar jana'izarsu. Mu a kan binne mutum ranar da ya mutu, a yi zaman makoki shiru. Su kuwa a kan ajiye gawa a ɗakin sanyi na asibiti makonni, wani lokaci watanni, har dangi na nesa su taru. In mako ya kewayo a kan zauna a sa rana. Ranar kuwa yawanci Asabar ce, a kafa rumfuna, a sa tufafi ja da baƙi, in tsoho ne ƙwarai a sa fari, a yi kiɗa, kowa ya kawo gudummawa, a rubuta a littafi, a faɗi sunan mai bayarwa a gaban jama'a. Ran Lahadi dangi su tafi majami'a yin godiya.

Kuɗin da a ke kashewa yana da yawa, shugabannin ikilisiyoyinsu da kansu suna faɗakarwa a kan wannan, ba sai baƙo ya koya musu ba. Abin da ya kamata mu gane shi ne, a wurin Tonawa da makoki a ke auna aboki. In uwar maƙwabcinka ta rasu, ka nemi baƙar riga, ka je, ka bi layi ka ba da hannu, ka ajiye abin da ka iya ko kaɗan ne, ka zauna sa'a ɗaya. Za a riƙe maka wannan shekaru. In kuwa ba a gan ka ba, gaisuwar safe ta shekara guda ba za ta cike gurbin ba.

A wajen suna kuwa mun yi kusa ƙwarai. Su ma in mako ya kewayo su ke fito da jariri a raɗa masa suna, suna kuma da sunan rana kamar mu. Ɗanladi da Ladi su ne Kwasi da Akosua. Na Litinin Kwadwo da Adwoa, na Talata Kwabena da Abena, na Laraba Kwaku da Akua. Ɗanlami da Lami su ne Yaw da Yaa, Ɗanjuma da Jummai su ne Kofi da Afua, Ɗan'asabe da Asabe su ne Kwame da Ama. Kwame Nkrumah, wanda ya karɓi mulkin kai a 1957, ɗan Asabar ne. Ka tambayi mahaifiyarka ranar haihuwarka kamin ka tashi, gama za a tambaye ka, a kuma kira ka da sunan. A majami'u da yawa a kan yi baiko rana rana, 'yan Litinin su fito tare, 'yan Talata su biyo. Ranar da ka tashi cikin 'yan ranarka ka sami ƙungiya ke nan.

YADDA A KE SAMUN ABOKI

Littafin Ayyukan Manzanni, sura 18, ya ba mu labarin Akila da matarsa Biriskilla, waɗanda dokar Kaisar ta kore su daga Roma suka sauka Koranti suna baƙi. Bulus ma baƙo ne a garin. Abin da ya fara haɗa su sana'a ce, dukansu masu ɗinkin tanti ne, suka zauna gida ɗaya suna aiki, daga nan zumunta ta tsiro wadda ta amfani ikilisiyoyi da yawa. Haka abin ya ke har yau. Abuta ba ta zuwa wa mai kwance a ɗaki yana tunanin gida. A wurin aiki a ke samunta, da bakin famfo, da bencin majami'a.

Yawancin baƙi gidan haya su ke zama, ɗaki ɗaki kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, wurin girki ɗaya. Masu gida su kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a gaba, ko da ya ke dokar haya ta 1963 ta tsai da wata 6, saboda haka a tafi da shiri, a kuma karɓi rasit. A irin gidan nan a kan raba shara da wankin makewayi da kuɗin wuta. Wanda ya yi nasa a kan lokaci ba tare da an tuna masa ba ya riga ya yi rabin wa'azinsa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, za a yi saɓani a kan yara da guga da igiyar shanya. Ka kai ƙara wurin mai gida cikin natsuwa, kada ka haɗa kabilar mutum cikin laifinsa.

A majami'a kuma kada ka jira a neme ka. Ran Lahadin fari ka kai takardar ikilisiyarku wurin fasto, ka tashi a gabatad da kai. Ka shiga ƙungiya ɗaya, ko ta mawaƙa, ko ta matasa, mata kuwa su shiga zumuntar mata, gama can ma akwai ta, da kayanta iri ɗaya kamar tamu. Ka sayi littafin waƙoƙinsu ka riƙa bi da yatsa, da waƙa harshe ke saurin shiga. Ka nemi dattijo ɗaya ka mai da shi uba, ka riƙa tambayarsa ma'anar abin da ka gani, matambayi ba ya ɓata. In an yi maka dariya saboda karyayyen Tonancinka ka taya su, dariyar nan ba ta mugunta ba ce. Ka kuma ba da naka. Ran Kirsimati ka aika wa maƙwabta da waina ko kilishi, ran Salla ka je zango ka yi wa mai gidanka barka. Sannu ba ta hana zuwa, abokin kirki ya kan ɗauki shekara kamin a same shi.

INDA ZA A TSAYA

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka. Karin maganan nan yana da iyaka. Gaisuwa da tufafi da abinci da ladabin fada, duk waɗannan mu kan ɗauka da farin ciki. Amma kowane kwana 42, ran Lahadi, a kan yi Akwasidae a fadar Manhyia, a girmama kakanni, a zuba musu abin sha a ƙasa. A wurin makoki da aure ma a kan yi irin wannan zubawa. Mai bi ya kan tsaya shiru da ladabi, ba ya karɓar ƙoƙon, ba ya kuwa zagi. A Ankara mutanen Ga su kan hana kiɗa da hayaniya wajen wata guda kamin bikinsu na Homowo, a ƙarshen shekarun 1990 har an yi rikici da waɗansu majami'u a kan wannan. Irin waɗannan al'amura masu bi na ƙasar sun fi shekara ɗari suna auna su. Baƙon wata uku kada ya mai da kansa alƙali, ya tambayi dattawan ikilisiyar wurin, ya bi sawunsu cikin abin da bai saɓa wa Maganar Allah ba.

ROƘONMU GARE KU

Iyayenmu, muna roƙonku abu uku. Kada ku bar yaro ya tafi kurmi ba takardar ikilisiya a hannunsa, da sunan wani mai bi da zai sauka wurinsa. Ku riƙa neman labarinsa, yanzu waya tana hannun kowa, kiran fastonsa na gida sau ɗaya a wata ya kan riƙe saurayi fiye da yadda ku ke zato. In ya komo kuma da matar da ba ta jin Hausa, ko da 'ya'yan da ke cewa yarinya ya zo, ku karɓe su hannu biyu.

Na ƙarshe, ku dubi baƙin da ke cikinku. A Maraɗi da Yamai da Damagaram akwai mutanen Gana da Togo da Benin, malaman makaranta da masu gyaran mota da masu ɗinki, da yawansu masu bi ne. Su ma suna zaune a bencin baya ba su jin abin da a ke faɗi, zafin bazara yana dukansu, tuwon gero bai karɓe su ba tukuna. Ku ba su kujera, ku kawo ruwa, ku tambaye su abin da ke tafe da su, ku koya musu ina kwana. Abin da ku ke so a yi wa 'ya'yanku a Kumasi, ga zarafinsa a ƙofarku.

Ubangiji ya kiyaye masu tafiya da masu zama, ya ba mu maƙwabta na kirki, ya sa mu ma mu zama haka ga waɗansu. Amin.